Baƙon Mako Uku: Shiri Domin Masu Tafiya Aikin Bishara Ƙetaren Iyaka

Ina gaida mutanen Dutsin-Ma da na Kurfi, da waɗanda ke jin mu daga ƙauyukan gefen dam ɗin Zobe. Ina gaida ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, domin yawancin maganar yau taku ce.

Shirinmu na yau a kan tafiya yake. Tafiyar aikin bishara ta ɗan gajeren lokaci zuwa wata ƙasa. Mako biyu, mako uku, wata ɗaya, in ta yi tsawo wata uku. Ikilisiya ko zumuntar ɗalibai ta tara kuɗi, ta zaɓi matasa, ta yi musu addu'a, ta sa su a mota. Ana yawan koya musu abin da za su faɗa in sun isa. Ba a cika koya musu yadda za su zauna ba. Zaman shi ne batunmu yau.

'Yan'uwanmu Musulmi da ke sauraro, kada ku murɗa rediyo. Wanda ya taɓa zuwa ci-rani, ko karatu a wani gari, ko aikin Hajji, zai ji abubuwa da yawa da ya sani a jikinsa.

Magana ɗaya nake so mai tafiya ya riƙe, kuma za ku ji ina maimaita ta. Kai baƙo ne, aikin na masu gida ne. Zan sake faɗa. Kai baƙo ne, aikin na masu gida ne.

To, mu shiga kashi na farko. Ina za a je, kuma wa za a tarar a can?

Ga mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi, ƙasar waje mafi kusa ita ce Jamhuriyar Nijar. Ka tashi daga Dutsin-Ma, ka bi ta Kurfi, ka shiga Katsina. Daga Katsina ka kama hanyar Jibiya. Ka wuce Magama, ka tsallaka iyaka, ka bi ta Ɗan Isa, sai ga ka a Maraɗi. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Ta fi Kano kusa da Katsina.

Kuma Maraɗi jininmu ce. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa, suka kafa zama a can. Har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. Kusa da ita ga Tsibiri, inda Sarkin Gobir yake zaune. Akwai auratayya tsakaninmu, akwai ciniki, Hausarmu ma kusan ɗaya ce.

Wannan kusancin shi ke ruɗin matasanmu. Wanda aka ce zai tafi Kumasi a ƙasar Gana, ko Garwa a Kamaru, ya san baƙon wuri zai je. Yana tambaya, yana shiri. Amma wanda aka ce Maraɗi zai je, sai ya saɓa jaka kamar mai zuwa kasuwar Charanci. Sai ya isa ya tarar tuta daban, doka daban, kuɗi daban, makaranta daban. Turawan Ingila ne suka mulke mu, su kuwa na Faransa. Shekarun nan sun bar tabo a komai, tun daga takardar ofis har yadda ɗan sanda ke yi maka magana.

Sai kuma tambaya ta biyu: wa za ka tarar? Za ka tarar da ikilisiya wadda ta girme ka, ta girmi mahaifinka. Ku saurari shekarun nan da kyau. 'Yan mishan na SIM sun sauka Zinder, wato Damagaram, a shekarar 1924. Kafin ƙarshen shekarun 1920 suna Tsibiri. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, can tsakanin Madawa da Birnin Ƙonni, kuma har yau yana aiki. A Danja, kusa da Maraɗi, akwai asibitin da aka kafa domin masu ciwon kuturta, irin aikin da SIM ta yi a nan Babbar Ruga kusa da Katsina tun ƙarshen shekarun 1930. A wajenmu aikin SIM ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954. A wajensu ya haifi ikilisiyar da ake kira EERN, wajen lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai. Suna da fastocinsu. Suna da dattawansu da zumuntar matansu. Suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, suna waƙa da Hausa.

Ashe ke nan bishara ta haura shekara 100 a wannan ƙasa. Ba kai ka kawo ta a jakarka ba. Ka zo ne ka kama wa masu aiki na 'yan kwanaki. Kai baƙo ne, aikin na masu gida ne.

Wannan shi ne kashi na farko. Yanzu kashi na biyu: iyaka, kuɗi, harshe da lafiyar jiki. Zan bi su da sauri, sai dai kuɗin, shi zan ɗan tsaya a kansa.

Iyaka tukuna. Iyakar nan ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Ma'anar wannan ita ce, abin da yayanka ya gaya maka game da iyaka shekara biyar da suka wuce, ƙila yau ba haka yake ba. Shugaban tafiya ya je ofishin shige da fice ya tambaya. Ya kira masu masauki ya tambaya. Kowa ya riƙe takardarsa ta tafiya, da katin rigakafin cutar shawara, wannan ruwan ɗorawan da ake kira yalo kat. Ku riƙe wasiƙar gayyata daga ikilisiyar da za ta karɓe ku, da sunan fasto da lambarsa. Kada ku bi ɓarauniyar hanya a kan babur domin gudun tambaya. Mai aikin Allah ta ƙofa yake shiga.

Hanya kuma, duk mun san halin da yankinmu ke ciki da 'yan bindiga. Ba sai na gaya wa mutumin Kurfi ba. Tafiyar rana kawai. In masu masauki suka ce kada a bi wata hanya, an gama magana. Kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton soja, ko jandarma, ko shingen bincike.

To, kuɗi. Ku zo mu shiga kasuwar Maraɗi tare da wata ɗaliba. Ta tsaya gaban wani dattijo mai albasa, irin jar albasar nan ta Galmi.

Ta ce, "Baba, ina wuni? Nawa ne tuli?"

Ya ce, "Lafiya lau, ɗiyata. Dala ashirin."

Sai ta yi murna a ranta, ta ce kai, arha. Ta zaro silin sefa 25 ta miƙa, tana jiran canji. Dattijo ya dubi silin, ya dube ta, ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗiyata, daga Najeriya kike?"

Ga abin da ba ta sani ba. A can da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan. Dala ɗari sefa 500. In kuwa ka ji an ce jaka ɗaya, sefa 1,000 ake nufi. Ku riƙe wannan: duk abin da aka faɗa da dala, ka ninka shi sau biyar. Zan sake. Dala, ninka sau biyar. Jaka, dubu. Sannan su har yanzu suna amfani da silalla, mu kuwa yaranmu da yawa ba su taɓa sayen komai da sili ba. Kada ka raina su, da su ake sayen ruwa da ƙosai.

Wani abu kuma. Tun 2023 naira ta faɗi ƙwarai a gaban sefa. Kuɗin da ikilisiya ta tara, wanda a Dutsin-Ma yake da auki, in an canza shi sai ya ƙanƙance. Ku yi lissafin guzuri da sefa tun kuna gida.

Harshe ba zai ba ku wuya sosai ba, amma ku buɗe kunne. Makaranta lakwal ce. Malamin makaranta mushe ne. In an ce an kai mutum likita, asibiti ake nufi, mai duba shi kuwa lokotoro. Wutar lantarki kuran ce. In ba ka gane ba, ka tambaya. Abin da ba na so shi ne dariya. Yaro ya ji an ce lakwal, ya dubi abokinsa su ƙyalƙyale. Mai gida ya gani, bai ce komai ba, amma ya ajiye a ransa. Su ma suna jin Turancin da muke cusawa a Hausarmu, kuma ba sa yi mana dariya a gabanmu.

Lafiyar jiki. A 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Su ne tushen SIM. Kafin ƙarshen 1894, biyu sun rasu da ciwo, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bangaskiyarsu ba ta gaza ba, jiki ne ya gaza. Yau muna da abin da ba su da shi. Ku tafi da gidan sauro. Ku tafi da maganin zazzaɓi da gishirin zawo, wato ORS. In tafiyar ta faɗo a bazara, lokacin zafi da ƙura, ku tambayi ma'aikatan lafiya game da rigakafin sanƙarau. Mai shan maganin asma, ko na siga, ko mai sikila, ya gaya wa shugaban tafiya tun kafin a tashi. Ɓoye ciwo domin kada a cire sunanka, nauyi ne za ka ɗora wa mutanen da ba su san ka ba.

Masu sauraro, in yanzu kuka buɗe rediyo, muna magana ne a kan yadda mai tafiya aikin bishara na ɗan lokaci zai zauna a baƙuwar ƙasa. Mun shigo kashi na uku: abin da ke faruwa a cikin zuciya.

Akwai wani masanin al'adun jama'a mai suna Kalervo Oberg. A 1954 ya yi wata lacca a ƙasar Birazil, aka buga ta a 1960 cikin wata mujalla da 'yan mishan ke karantawa. Ya yi bayanin halin da Turawa ke kira kalca shok, wato rikicewar da baƙo ke shiga in duk abin da ya saba da shi ya ɓace masa a lokaci ɗaya. Ya ce abin yakan zo mataki huɗu.

Mataki na farko ɗoki ne. Komai yana burge ka. Furar ta fi ta gida daɗi, mutanen sun fi na gida kirki, kana ta ɗaukar hoto.

Mataki na biyu ƙunci ne. Ka gaji. Cikinka ya ɓaci. Ba ka yi barci ba saboda zafi. Layin wayarka ba ya aiki, ba ka ji muryar mahaifiyarka ba. An ce sujada ƙarfe tara, ga shi goma ta wuce. Sai bakinka ya fara wata waƙa: mu a wajenmu ba haka ake yi ba. In ka ji wannan magana tana yawan fita daga bakinka, to ka sani ka shiga mataki na biyu. Sai ka ga kana faɗa da abokan tafiyarka a kan bokiti ko cajar waya. Wata sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka, ita kanta ba ta san dalili ba.

Mataki na uku, ka fara gane kan abubuwa. Ka iya lissafin dala. Ka san gidan da za ka gaisar da safe. Na huɗu kuma, ka saki jiki, wurin ya zama wurin zama.

Ga inda matsalar mai gajeriyar tafiya take. Mataki na uku da na huɗu suna son lokaci, watanni, wani lokaci fiye. Mai mako uku sau da yawa ba ya kaiwa can. Ko dai ya koma gida yana cikin ɗoki, ya ce mutanen can mala'iku ne. Ko ya koma yana cikin ƙunci, ya ce ba a iya zama da su. Duka biyun bai ga mutanen ba tukuna, halin zuciyarsa yake ba da labari. Saboda haka nake roƙonku, kada ku yanke wa ƙasa hukunci da abin da kuka ji a mako na biyu.

Kuma ƙuncin nan ba zunubi ba ne. Ina so iyaye da fastoci su ji wannan. Ba alamar cewa Allah bai kira yaro ba ce. A cikin Ayyukan Manzanni sura 13 akwai saurayi, Yohanna Markus, wanda ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta farko. Da suka isa ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su, ya koma Urushalima. Abin ya ɓata wa Bulus rai har ya ƙi sake tafiya da shi. Amma Barnaba bai yar da shi ba. Daga baya Bulus da kansa ya nemi a kawo masa Markus, domin ya ga amfaninsa. Kowace tawaga tana bukatar Barnaba ɗaya, mutum mai sanyin rai da zai lura da wanda ya daina magana.

Me za ka yi in ƙuncin ya zo? Ka sha ruwa, ka ci abinci, ka yi barci. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi. Ku riƙa haɗuwa da yamma, ku yi addu'a, kowa ya faɗi abin da ya yi masa nauyi yau. Waya kuma a sa mata lokaci. Wanda ya wuni a WhatsApp da mutanen Dutsin-Ma, gangar jikinsa ce kawai ta tsallaka iyaka.

Mu je kashi na huɗu, shi ne zuciyar shirin: zama a gidan mutane.

Bari mu shiga gidan wani fasto a ƙauye, yamma da Maraɗi. Baƙi takwas sun sauka daga Katsina. Bazara ce, rumbu ya yi ƙasa. Matar fasto ta tashi tun asuba. Ta aiki yara rijiya sau uku, domin baƙi na son wanka. Ta kama zabo biyu daga cikin 'yan kaɗan da take kiwo, an yanka. Ta yi tuwon gero da miyar kuka. Baƙi suka zauna a tabarma suna ci. Wani ya tura kwanon gefe, ya ce shi bai saba da tuwon gero ba, ko akwai Indomie? Can bakin ƙofar madafa yaran gidan suna tsaye suna jira. Abin da ya rage shi ne nasu.

Ban kawo wannan domin in kunyata kowa ba. Na kawo shi ne domin baƙo ba ya ganin abin da zuwansa ya ci. Mai gida Bahaushe ba zai taɓa gaya maka ba. Zai ci bashi ya ciyar da kai, yana murmushi. Saboda haka ikilisiyar da ta tura ku ta aika da kuɗin abinci tun kafin ku iso, ko ku tafi da buhun hatsi da mai. A ba dattawa a asirce, kada a miƙa a gaban jama'a.

A Luka sura 10, da Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu, cikin umarnin da ya ba su akwai batun abinci da masauki. Su zauna a gidan da ya karɓe su, su ci abin da aka ba su, kada su yi ta sauya gida. In lafiyarka ba ta hana ba, ka ci abin da aka ajiye maka, ka yi godiya, ka kuma rage wa yara.

A wannan gidan dai, ga wata ɗaliba da ta gane. Rana ta huɗu ta ji ƙarar turmi, ta fito.

Ta ce, "Mama, kawo in kama miki."

Matar ta ce, "A'a ɗiyata, ke baƙuwa ce, je ki huta."

Ta ce, "Mama, baƙunta ai kwana uku ce. Ba ni taɓaryar."

A bakin turmin nan ta ji abin da ba a faɗa a majami'a. Ta ji wace ce mijinta ya tafi Libiya bai dawo ba. Ta ji wace ce danginta suka juya mata baya. Ta ji yadda matar fasto ke zaman lafiya da maƙwabtanta Musulmi, suna kai wa juna abincin Salla da na Kirsimeti. Da aka ba ta dama ta yi magana a zumuntar mata, ta san da wa take magana.

Wannan ya kawo ni kan wani mutum da ya kamata duk mai tafiya Maraɗi ya san labarinsa. Sunansa Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, masanin noma. Ya zo Maraɗi da SIM a farkon shekarun 1980 domin yaƙi da hamada. Ya yi abin da aka koya masa. Ya reni itatuwa a gandun reno, ya ɗora a mota, ya kai ƙauyuka aka dasa. Yawancinsu suka mutu. Rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu. Ya fi shekara biyu a haka. Wajen 1983, wata rana a hanyar daji, ya tsaya ya dubi 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara. Sai ya gane ashe toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba dashe ake bukata ba. A zaɓi reshe mai ƙarfi, a rage sauran, a kare shi ya girma. Manoma suka gwada, suka gyara dabarar da iliminsu, maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Yau ana ƙiyasta kadada wajen miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Zinder, kuma a 2018 aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a kan wannan aiki.

Ku lura. Mutum ne mai ilimi, mai zama dindindin, mai koyon Hausa. Duk da haka sai da ya yi shekaru kafin ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. To, ina ga mai mako uku? Shi ya sa nake cewa, mako na farko ka bar kunnenka ya fi bakinka aiki. Ka tambayi fasto, "Baba, ina kake so mu kama?" In ya ce ajin yara, ajin yara. In ya ce yaɓen bangon majami'a, ka tuɓe takalmi ka shiga laka. Kai baƙo ne, aikin na masu gida ne.

Yanzu magana mai nauyi, kuma ina so shugabannin matasa su kasa kunne. Kiristoci a Nijar 'yan kaɗan ne ƙwarai a cikin jama'a. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da yawa a Zinder da Yamai, a lokacin fushin da ya biyo bayan zanen ɓatanci na wata jarida a Faransa. Waɗanda suka zana suna Faris. Waɗanda suka kwana a waje suna Zinder. 'Yan'uwanmu na can sun sake gini, sun sake ɗinke zumunci da maƙwabta, kuma ba cikin kwana ɗaya suka yi ba. Kai in ka zo da lasifika, ka faɗi kalma ɗaya ta cin mutuncin addinin mutane, ranar Asabar za ka hau mota ka koma Kurfi. Fasto da matarsa da yaransu su za su zauna da abin da ka bari.

Don haka ba a fita wa'azi a fili sai masu gida sun ce a fita. Su za su kai ku ku gaida maigari. Su suka san ko ana bukatar izinin hukuma. A kiyaye lokutan salla. In watan azumi ne, kada ka tsaya a bakin hanya kana kwankwaɗar ruwa. 'Yan mata su tafi da zane da mayafi, samari su bar gajeren wando a jaka. Ka faɗi bangaskiyarka da ladabi ga wanda ya tambaya ko ya ba ka kunne, kuma kai ma ka saurare shi. Gaisuwa kuma kada a gajarta ta. Mu Katsinawa ba baƙin gaisuwa ba ne, sai dai boko da waya sun sa yaranmu gaggawa.

Sauran abu biyu a wannan kashi. Na farko hoto. In an kai ku Galmi ko Danja, za ku ga marasa lafiya. Za ku ga yara cikin tsumma a ƙauye, kamar yadda ake ganinsu a ƙauyukanmu. Kafin ka ɗaga waya, ka tambayi kanka: in ƙanwata ce kwance a gadon nan, zan so baƙo ya sa ta a Facebook? Ka nemi izini. In an ƙi, ka mai da wayar aljihu.

Na biyu alkawari. Ranar rabuwa zuciya tana yin laushi, baki kuma ya yi sauri. Zan aiko maka da waya. Zan nema maka makaranta a Najeriya. Za mu dawo mu gina rijiya. Kai kana iya mantawa kafin ka kai Jibiya. Shi ba zai manta ba. In ka ga bukata, ka rubuta ta, ka kawo wa dattawan ikilisiyarku, su yi magana da dattawan can. Kyauta ma ta hannun fasto za ta bi. In ka ba yaro ɗaya a gaban goma, ka bar rigima a unguwa.

Kashi na ƙarshe, kuma gajere ne: komowa gida.

Ranar Lahadi za a ba ku minti goma a gaban ikilisiya. Ku faɗi gaskiya. Kada ku kumbura lissafi domin waɗanda suka ba da baiko su ji daɗi. In hannu hamsin aka ɗaga a taro, ku ce an ɗaga hannu hamsin, masu gida ne za su bi su su san abin da ke zuciya. Ku ambaci aikin da fastocin can ke yi shekara da shekaru. In akwai wanda bayyana labarinsa zai jawo masa wahala, ku bar sunansa da hotonsa. Kuɗin da ya rage a mayar, da lissafi a rubuce.

Iyaye, ɗanku na iya dawowa wani iri. Wani zai yi ta surutu, wani zai yi shiru kwana da kwanaki. Wani zai fara ganin laifin komai na gida. Ku ba shi lokaci, ku tambaye shi abin da ya gani, ku saurara har ya gama. In zazzaɓi ko zawo ya biyo shi, a kai shi asibiti, a gaya wa likita inda ya je.

Ku kuma da kuka dawo, cikin makon farko ku kira mai masaukinku. Ku ce kun iso lafiya. Ku gaida Mama, ku gaida yara da sunayensu. Bayan wata ɗaya ku sake kira. In ikilisiyarku za ta sake tura tawaga baɗi, ta koma wuri ɗaya, ta kuma gayyaci matasan can su zo Dutsin-Ma ko Kurfi, mu ma mu shimfiɗa musu tabarma.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ƙaramar ikilisiya za ta tara kuɗin irin wannan tafiya ba tare da ta matsa wa talakawanta ba.